GONAR DA NABOT YA ƘI SAYARWA

Nassin karatu: 1 Sarakuna 21:1-29, Littafin Firistoci 25:13-28, Irmiya 32:6-15

Kaɗan ne cikin garuruwan ƙasar nan suka san nauyin maganar gādo kamar Suleja. Sunan da garin ya gāda shi ne Abuja, daga Abu Ja wanda ya kafa shi a 1828, bayan da zuriyar sarakunan Zazzau na dā suka baro Zariya. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birnin tarayya. Aka yanki ƙasa mai faɗi daga masarautar, aka ɗauki sunan ma aka ba sabon birnin, tsohon garin kuwa ya koma amsa sunan Suleja, daga sunan sarkinsa Sulaimanu Barau.

Tun da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba 1991, balle bayan rushe-rushen gidaje da aka yi can tsakanin 2003 da 2007, ma'aikatan da kuɗin hayar birnin ya fi ƙarfinsu suka yi ta kwararowa Suleja, Madalla, Kwamba da Gauraka. Majami'u suka cika, abin godiya ne. Amma gonakin da suka ciyar da gidajen Gbagyi da Koro da doya da dawa shekara da shekaru, su ne ake yankawa fuloti-fuloti. Dillali yakan zo da murmushi ya ce, "Baba, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu." Fastoci da dattawan ikkilisiya sun san abin da yakan biyo baya: 'yan'uwa ciki ɗaya da suka daina gaisawa, gwauruwa da ta wayi gari ta ga bulo a gonar mijinta, fili ɗaya da mutum uku ke riƙe da takardarsa. Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba.

Tayin da Ahab ya yi

Nabot mutumin Yezreyel yana da gonar inabi dab da fādar Ahab, sarkin Isra'ila, wanda ya yi mulki a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu. Sarki yana son wurin domin ya mai da shi lambun ganyaye. Ya kamata a yi wa Ahab adalci a nan: da farko bai ƙwace ba. Ya yi tayin musanya da gonar da ta fi kyau, ko kuwa ya biya kuɗinta. Kowane dillali zai ce ciniki ya yi armashi, zai kuma ce Nabot ya yi wauta da ya ƙi. Nabot bai yi jayayya a kan farashi ba. Ya kira sunan Ubangiji, ya ce abin da ya gāda daga kakanninsa ba zai ba da shi ba (aya 3). Sarki ya koma gida ransa a ɓace, ya kwanta, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci. Babban mutum ke nan a kan gado, yana fushi saboda gādon talaka.

Me ya sa gonar da ta fi kyau ba za ta maye gurbin wannan ba? Amsar tana da gefe biyu: ɗaya a cikin halin itacen inabi, ɗaya a cikin Shari'ar Musa.

Halin kuringar inabi

Manomin da ya saba da gero da masara yakan shuka da damina ya girbe da kaka. In ya sake gona baɗi, asararsa kaɗan ce. Inabi ba haka yake ba. Manoman ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, kusa da Zariya, waɗanda ke noman inabin ci, sun san irin ɗawainiyarsa: a kafa masa rumfa, a datse rassansa a kan kari, a yi ta ban ruwa da rani. A ƙasashen da ya zama sana'ar gidaje tun ƙarnuka, sabon dashe yakan kai shekara uku kafin a sami abin kirki, sa'an nan kuringar ta rayu shekaru da dama, har ta binne wanda ya dasa ta.

Ga misali daga nesa. A yankin Bordo, kudu maso yammacin Faransa, akwai wani irin baƙin inabi mai ƙananan 'ya'ya da kaurin ɓawo, mai jinkirin nuna, wanda ya fi son ƙasa mai tsakuwa da ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ana rubuta sunansa Cabernet Sauvignon, a baki kuwa kabane. Yana cikin irin da aka fi dasawa a duniya. A 1997 masana na Jami'ar Kalifoniya a Amurka suka wallafa binciken ƙwayoyin halitta da ya nuna asalinsa: barbara ce tsakanin iri biyu, baƙi mai suna Cabernet Franc da fari mai suna Sauvignon Blanc, wadda ake ganin ta auku a ƙarni na 17 ba da shirin kowa ba. Tsiro ɗaya tak ya fito daga wannan haɗuwa. Da yake ƙwallon inabi ba ya maimaita uwarsa, ba shi ake shukawa ba. Reshe ake yankowa a dasa, kamar yadda ake yi da karan rogo ko rake. Ashe duk wata kuringar kabane da ke Faransa, ko Amurka, ko Afirka ta Kudu, reshen reshen wancan tsiro ɗaya ce, wanda hannu ya miƙa wa hannu shekara ɗari uku da ɗoriya.

Akwai gidajen da suka daɗe a kan wannan aiki. Gonar Mouton da ke garin Pauillac, wadda yawancin inabinta kabane ne, Nathaniel de Rothschild ya saye ta a 1853, har yau kuma tana hannun zuriyarsa. Abin da irin wannan gida ke miƙa wa 'ya'yansa ya wuce eka da gini. Akwai sanin wane lungu ne ke riƙe ruwa, wane gefe ne ke riga nuna, wace shekara ce ƙanƙara ta yi ɓarna da abin da kaka ya yi a kai. Ba a ɗaukar wannan sani a ka a kai shi sabuwar gona, ko da ta fi kyau. An kuwa gwada su. Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, wanda ya shigo daga Amurka, ya hallaka babban kaso na gonakin inabin Faransa. Maganin da aka samu shi ne wanda masu lambun mangwaro suka sani da sunan aure: a ɗaura reshen gida a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Gidajen da suka jure suka tumɓuke gonakinsu suka sake dashe, suka jira shekaru ba girbi. (Mai nazarin Romawa 11 zai tuna cewa Bulus ya yi amfani da wannan aiki na auren itace, ko da yake da zaitun, don ya kashe fahariyar masu bi daga al'ummai: saiwa ce ke ɗauke da reshe.)

Yezreyel ma ƙasar inabi ce ta gaske. A 2013 masu tonon kayan tarihi suka tono wani babban wurin matsar inabi da aka sassaƙa cikin dutse a gindin tudun garin. Abin da Ahab ya roƙa shi ne a tumɓuke aikin tsararraki domin a shuka ganyen miya, wanda ake ci bayan 'yan makonni. Maimaitawar Shari'a 11:10 ta kwatanta ƙasar Masar, gidan bauta, da irin wannan lambu, Ishaya 5 kuwa ta kwatanta Isra'ila da gonar inabin Ubangiji. Ba'isra'ilen da ya ji wannan labari ba zai kasa lura da haka ba.

Kada wani ya ɗauki wannan bayani a matsayin tallar abin sha. Matsayin ikkilisiya a kan abin da ke sa maye sananne ne, Karin Magana 23:29-35 da Afisawa 5:18 ba su bar wurin shakka ba, gonakin da suka narke a gidan burukutu kuwa ba su ƙidayuwa. Abin lura ma shi ne, a Irmiya 35 akwai wani gida, Rekabawa, waɗanda gādonsu kishiyar na Nabot ne. Kakansu Yonadab ya umarce su kada su sha ruwan inabi, kada su mallaki gonarsa, kada ma su gina gida. Fiye da shekara ɗari biyu bayansa annabi ya ajiye musu kwanoni cike, suka ƙi taɓawa, Ubangiji kuma ya yabe su. Ɗaya ya riƙe gonar inabi, ɗaya ya guje ta. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya san abin da aka danƙa masa, bai kuwa sake shi ba sa'ad da babban mutum ya matsa.

Ƙasa ta wa ce?

Gefe na biyu shi ne Shari'a. Littafin Firistoci 25:23 ya hana sayar da ƙasa har abada, dalili kuwa shi ne ƙasar ta Ubangiji ce, Isra'ilawa baƙi ne a wurinsa. Wanda talauci ya tilasta wa sayarwa, a gaskiya yawan girbin da ya rage kafin shekara ta hamsin yake sayarwa, da shi ake lissafin kuɗin (aya 15-16). Danginsa na kusa yana da ikon fansar gonar, in kuma ba a fansa ba, takan koma gida a shekarar murna. Wannan ya fi kama da jingina ko haya, bai yi kama da cinikin fuloti ba. Nabot bai ƙi don taurin kai ba. Mai riƙon amana ne aka ce ya sayar da kayan mai shi.

Abin sha'awa, dokar ƙasa ta Nijeriya ta 1978 ta yi magana da harshe makamancin wannan. Ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna domin ya riƙe ta amana saboda jama'a, takardar da mutum ke samu kuwa ta izinin zama ce, galibi na shekara 99. Yadda ake riƙon wannan amana wata magana ce dabam, waɗanda aka tasa daga ƙauyukansu don gina Abuja suna da abin faɗa a kai. Amma ko dokar mutum ta yarda cewa mai gona mai riƙo ne. Nassi ya kai maganar wurin da ya fi gidan gwamnati tsawo.

Dattawan Yezreyel

Yezebel 'yar sarkin Sidoniyawa ce, ta tashi a inda abin da sarki ya so shi ne doka. Ta yi wa mijinta ba'a, ta ce ita za ta ba shi gonar. An saba tsayawa a kan muguntarta a wa'azi, har a manta cewa ba ta jefa dutse ko ɗaya ba. Wasiƙu ta rubuta da sunan Ahab, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawa da manyan garin. Nassi ya nanata har sau biyu cewa waɗannan mutane gari ɗaya suke zaune da Nabot (aya 8 da 11). Sun san shi, sun san mahaifinsa, sun san iyakar gonarsa.

A duba yadda aka bi ƙa'ida filla-filla. An yi shelar azumi, kamar garin yana neman fuskar Allah. An ba Nabot wurin zama na girma. An kawo shaidu biyu, domin Shari'a ba ta yarda da shaidar mutum ɗaya ba (Maimaitawar Shari'a 19:15). An zarge shi da zagin Allah da sarki, an fitar da shi bayan gari kamar yadda doka ta tsara, aka jajjefe shi. Wanda ya zo duba takardu daga baya ba zai ga kuskure ba. Kayan ibada da na shari'a, waɗanda Allah ya bayar don kāre marar ƙarfi, da su aka kashe mutumin da ya fi kowa riƙe Shari'a a garin. Daga 2 Sarakuna 9:26 kuma ake gane cewa har da 'ya'yansa aka zub da jininsu, don kada a bar magaji.

Nan ne darasin ya fi kusa da kujerun majami'a. Da wuya a sami mai bi da zai zama Yezebel, amma kujerar dattawan Yezreyel a buɗe take kullum. Dattijon da ya san cewa ɗorawar nan ce iyaka tun zamanin iyaye, aka tambaye shi ya ce ya manta, domin wanda ya ci iyakar shi ne ya saya wa majami'a janareta. Mai bi da ya sa hannu a matsayin shaida a takardar cinikin da ya san sauran magada ba su ji labarinsa ba. Ma'ajin da ya karɓi zakar la'ada, alhali ya san filin an riga an sayar wa wani. Ba wanda ya ɗauki makami a cikinsu. Haka dattawan Yezreyel ma za su ce umarni suka bi.

Akwai kuma kujerar Ahab. Da aka ce masa Nabot ya mutu, bai tambayi yadda aka yi ba. Ya tashi ya gangara ya karɓi gona. Mai sayen fili da araha daga hannun yaron da ubansa bai yi wata uku a kabari ba, ko daga gwauruwar da ke neman kuɗin asibiti, yakan guji tambaya domin ya san amsar za ta ɓata ciniki. Kwamitin ginin majami'a ma bai tsira daga wannan gwaji ba. Filin da za a yi sujada a kansa shi ya fi cancanta a bincika asalinsa, a ji daga bakin dukan masu haƙƙi, mata da maza. A cikin gonar Iliya ya tarar da Ahab, laifi biyu kuma ya ɗora masa, kisa da ƙwace (aya 19), ko da yake hannunsa bai taɓa alƙalami ko dutse ba. Ahab ya ƙasƙantar da kansa, aka jinkirta hukuncin zuwa zamanin ɗansa, amma ba a soke shi ba. Shekaru bayan haka Yehu ya kashe Yoram ɗan Ahab, ya sa aka jefa gawarsa a wannan fili, wanda har a lokacin da sunan Nabot ake kiransa.

Magada da rabo

Ba kullum daga waje Ahab ke zuwa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ta fi yawa ita ce ta hana mata. A Littafin Ƙidaya 27 'ya'yan Zelofehad mata biyar suka tsaya gaban Musa suna neman rabon mahaifinsu wanda bai bar ɗa namiji ba, Ubangiji ya ce gaskiyarsu ce, abin ya zama doka. A 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke cewa al'adar da ke hana 'ya mace gādon mahaifinta ta saɓa wa tsarin mulki. Abin kunya ne a ce kotu ce za ta tuna wa gidan Kirista abin da ke rubuce a littafi na huɗu na Musa.

Raba gona gunduwa-gunduwa ma yana da nasa haɗari. Dokar Faransa ta 1804 ta wajabta raba gādo tsakanin dukan 'ya'ya, a yankin Burgundi kuwa akwai wata shahararriyar gonar inabi, Clos de Vougeot, mai faɗin hekta 50, wadda sayarwa da rabon gādo suka kai ta hannun mutum kusan 80, wasu 'yan layuka kawai suka mallaka. Manyan gonakin Bordo da dama sun kauce wa haka ta wurin barin gonar a dunƙule, magada su raba amfaninta. Tsohon tsarin gandu da gayauna ya san wannan hikima tun kafin a ji labarin Turawa: babbar gona ta gida ce, kowa kuma yana da 'yar tasa. Ba kowane gida ne zai iya komawa gandu ba, amma kafin a kira safiyo ya kafa turaku, yana da kyau 'yan'uwa su zauna su tambayi juna ko akwai abin da ya fi amfani in an bar shi a haɗe. Da wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi, Ubangiji ya ƙi zama alƙalinsu, ya yi musu gargaɗi a kan kwaɗayi (Luka 12:13-15).

Ko sayar da gona zunubi ne?

A'a. Suleja ba Kan'ana ba ce, dokar shekarar murna kuma ba ta kan ikkilisiya. Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni, aka ambace shi da yabo (Ayyukan Manzanni 4:36-37). Gari yana faɗaɗa, baƙon da ya zo aiki yana bukatar wurin sa kansa, shi ma ɗan'uwa ne. Uban da ya sayar da gefe ɗaya ya kai yara makaranta, ko ya gina ɗakunan haya da za su riƙe gidan bayansa, ya sauya wa gādon kama ne kawai. Wanda Ibraniyawa 12:16 ta yi kashedi da shi Isuwa ne, wanda ya ba da matsayinsa na ɗan fari saboda ci ɗaya. Kuɗin fili da ya ƙare a biki, ko a motar da ba za ta ga damina uku ba, jar miyar Isuwa ce. Tambayoyin da ya kamata magidanci ya amsa a gaban Allah da iyalinsa su ne: nawa ne ni kaɗai, ko akwai masu haƙƙi? An fara yi wa dangi tayi, kamar yadda Firistoci 25 ta ba su fifiko? Haya ko jingina ba za ta biya bukatar ba? Me zai tsaya a madadinsa bayan shekara ashirin?

Takarda a cikin tukunya

Irmiya ya nuna yadda mai tsoron Allah ke cinikin ƙasa. Yana tsare a gidan waƙafi, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, sai Hanamel ɗan kawunsa ya zo ya ce ya fanshi gonar gidansu da ke Anatot. A idon ɗan kasuwa ba lokacin sayen fili ba ne. Irmiya ya saya. Ya auna azurfa shekel 17 a ma'auni, ya sa hannu a takarda a gaban shaidu, aka yi kofe biyu, ɗaya a liƙe da hatimi, ɗaya a buɗe, ya miƙa su ga Baruk a idon dukan waɗanda ke zaune a wurin. Annabi ne, da danginsa kuma yake ciniki, duk da haka bai ce amana ta isa ba sai an rubuta.

Gidaje da yawa na masu bi suna ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne, ko rashin yarda da 'ya'ya. Sakamakon haka, iyaka tana cikin kan tsoho ɗaya, ranar da aka binne shi kuwa da ita aka binne. Magidanci yana iya zagaya gonar da 'ya'yansa maza da mata tun yana da ƙarfi, a kira maƙwabtan iyaka, a rubuta, a sa hannu gaban shaidun da ba su da rabo a ciki, a yi rajistar abin da ya kamata a ofishin ƙasa, a ajiye kofe a wuri fiye da ɗaya. A rubuta haƙƙin matarsa da sunanta, baro-baro.

Irmiya ya ce a sa takardun cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Mutanen Suleja ba sa bukatar a yi musu bayanin ƙarkon tukunya: a garin ne Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane a 1954, da sana'ar da ta koya tun tana yarinya a gidansu. Ba da daɗewa ba bayan cinikin Anatot birnin ya fāɗi, daga baya aka tafi da Irmiya Masar ba da son ransa ba. Takardun suka zauna cikin tukunya saboda alkawarin da Ubangiji ya yi a aya 15, cewa za a sāke sayen abu uku a wannan ƙasa: gidaje, da gonaki, da gonakin inabi.